Kafin Su Binne Wayar

Litinin, 24 ga Maris, da hantsi

Ja ce kuma yau. Fitilar da ke jikin akwatin intanet na faiba, wanda suke ce wa rauta, nake nufi, wadda aka ce in dai koriya ce to lafiya lau. Na lallaɓa na sauka ɗakin ƙasa, na tarar da ita kusa da firiza tana ƙyafta min ido, ko kunya babu.

An ce in riƙa rubutu kullum, wai yana motsa ƙwaƙwalwa. To bari in fara da yarjejeniyarmu da 'yata Marlene, kada gobe a ce tsohuwa ce ta manta. Tun bayan ciwon nan da ya kwantar da ni a watan Janairu ta sa sunana a layin masu jiran ɗaki a gidan tsofaffi na cikin gari. Na ce ko gawata sai an yi da gaske kafin a fitar da ita daga gonar nan. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan zan zauna da tumakina, amma zan rataya ƙararrawar da ta saya min a wuya kamar akuya, in na faɗi in danna a zo a ɗauke ni. Kuma kullum da yamma za ta kira ni ta bidiyo ta ga fuskata. Ita nas ce a can birnin Calgary, komai a wurinta ƙa'idar shan magani ne. Ta ce, "Mama, in layin nan bai tsaya ba, magana ta ƙare. Ba zan bar ki inda ko ihu kika yi ba mai ji ba."

To ga shi layin ya ƙi tsayawa. Ƙararrawar da kiran bidiyon da wayar gida duk a kansa suke rataye, don ranar da suka kawo faiba suka yanke tsohuwar wayar tarho da ta yi mana shekara arba'in ko tari ba ta taɓa yi ba. Wayar hannu kuwa ba ta san da zaman gidan nan ba, sai an fita babban titi take kama sabis.

A Nuwamba suka kawo faibar, ƙasa ta riga ta daskare da sanyi. Suka shimfiɗa wayar a sama, mai launin ruwan lemo, siririya kamar igiyar shanya, daga turken bakin titi ta bi shinge ta ratsa tsakar gida. Suka ce in ƙasa ta saki za su dawo su binne ta. Kowa a yankin nan haka tasa take kwance a kan ƙanƙara, amma tawa ce kaɗai aka ɗora wa zaman mutum a gidansa.

Ranar dai, da yamma

Ta koma koriya, Marlene ta kira. In wannan shi ake kira ganin fuska, to ni ban ga kowa ba. Wani curin hazo ne mai gashi yake motsi a jikin kwamfuta, ya yi magana biyu ya daskare baki a buɗe.

"Mama, tun safe wayata ke nuna min ƙararrawarki ba ta kan layi. Ke kika cire rauta?"

"Ni da rauta me ya haɗa mu? Tana can ƙasa suna hira da firiza."

"Kin sha maganin?"

"Na sha."

"Kin hau tarakta?"

Nan hoton ya tsaya cak. Na zauna ina kallon rabin goshinta. Da layin ya dawo ta manta da tambayar, ni kuma ban ga dalilin tuna mata ba.

Laraba, 26 ga Maris, da rana tsaka

Arni maƙwabcina ya zo kwashe min ƙanƙarar hanya. Sa'ana ne, matarsa ta rasu shekara guda bayan mijina Wasyl, kuma tun muna firamare bakinsa ba ya rufuwa. Tunda aka karɓe min lasin tuƙi shi ke kai ni ko'ina. Na ce ya fitar da ni titi in kira kamfani.

Muka zauna cikin motarsa, kiɗan jira na tashi a waya har ya shanye kofinsa ya koma kan nawa. Can wata yarinya mai zaƙin murya ta ɗauka.

"Sannu da haƙuri, Misis Bodnar. Kin gwada cire rautar ki mayar?"

"'Yar nan, na cire na mayar har soket ɗin ya gane ni."

"To ko za ki duba min wace fitila ce a kunne yanzu?"

"Ina cikin mota a bakin titi. Da ina iya kiranki daga gaban fitilar, me zai sa in kira ki?"

Arni ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Yarinyar ta ce a wajensu dai komai kore yake nunawa. Na ce a wajena komai ja ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ƙyar ta yarda za su turo mutum mako mai zuwa.

A hanyar dawowa Arni ya ce, "Stefa, ɗakin nan na cikin gari fa an ce akwai ɗumi. Har pirogi, ƙullun fulawar nan mai dankali a ciki, suke ba su ranar Juma'a."

"Ka je mana, in riƙe maka shanunka."

"Ni ai 'ya'yana ba su damu da ni haka ba."

Da dariya ya faɗa, amma ban taya shi ba.

Juma'a, 28 ga Maris, da safe

Ja. Koriya. Ja. Ba inda za ni.

Talata, 1 ga Afrilu, da yamma

Mutumin kamfani ya zo, Darcy sunansa, ƙato mai gemu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce masa ba, don haka na zuba masa miya. Ya bi wayar tun daga titi yana ɗaga ta kamar mai duba tarko. A bakin kyaure ya samu inda ƙarfen kwashe ƙanƙarar Arni ya ƙuje ta, gaba kaɗan kuma ɓeraye sun ɗana.

Ya ce, "Gilashi ne a ciki, Misis Bodnar, bai kai kaurin gashin kanki ba. Haske ne ke bi ta ciki. In aka ƙuje ta ko ta lanƙwashe, sai hasken ya riƙa isowa da ƙyar. Zan ɗaure miki nan, amma gaskiya sai an sa sabuwa an binne za ki huta."

Da ya sauka ɗakin ƙasa sai ya riƙe gemu. "Wa ya ajiye rauta a nan? Tsakanin firiza da bangon dutse? Ai ko layin lafiya yake, kafin waifai ya hauro miki sama ya gaji."

"Abokin aikinka."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce ranar binnewa zai ja waya ya dawo da ita kicin. Na ce yaushe ce ranar? Ya ɗauko sandar ƙarfe daga mota ya caka a tsakar gida, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo. Ya ce, "Ƙasar za ki tambaya." Ya bar min sandar.

Marlene ta kira. Wai an gaya mata ɗaki zai samu tsakiyar Mayu, kuma suna son amsa kafin lokacin. Na ce wace baiwar Allah ce suke jira ta cika? Don ɗaki a gidan nan ba ya samuwa sai wani ya bar shi, kuma ba da ƙafarsa ba. Ta ce in daina irin wannan magana. Na ce ta jira a binne waya, za ta ga layi ya tsaya ƙyam, sai su ba wata ɗakin.

Asabar, 5 ga Afrilu, da safe

Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗayan da baya ya taho, ni na juya shi. Duk wanda ya ce ba zan iya ba ya zo ya gan su suna tsotso.

Na caka ƙarfe. Dutse.

Talata, 8 ga Afrilu, da yamma

Ba abin da ya faru.

Na shiga garke da hantsi da bokiti a hannu. Sai kuma ga ni kwance a kan ciyawa ina kallon rufi. Ban taɓa lura akwai sheƙar tsuntsu a kan azarar nan ba. Tumakin suka zo suka shinshina ni suka koma kan abincinsu. Bokitin yana nan kusa, amma hannun da ke wajensa ya ce ba ruwansa.

Na danna. Ban so ba, hannun dama ne ya danna ƙararrawar da kansa. Na jira in ji muryar nan da ke cewa, "Misis Bodnar, lafiya kike?" Shiru. Hasken rana ya tashi daga wannan tagar ya koma waccan. Ba wanda ya zo. Da na gaji da jira na kama bakin kwamin ruwa na miƙe, na dafa bango har cikin gida. Ban sauka ƙasa duba fitila ba, na san kalarta.

Santsi ne. Kowa na zamewa a wannan watan.

Laraba, 9 ga Afrilu, da safe

Shayi na zubo min ta gefen baki. Kofin ne, bakinsa ya tsage, na jefar da shi.

Na biyun ma haka.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Na daina tsayawa gaban madubin banɗaki, ba abin da na ajiye a ciki. Na gyara zama kafin kira. Kujera ta juya kaɗan kamar mai kallon taga, fitila ta koma dama, na kashe ta sama.

"Mama, muryarki wani iri."

"Layin ne."

"Me kika ce? Maimaita."

"Na ce layin ne, ke ma kamar daga cikin rijiya nake jin ki."

"Wallahi layin nan sai ya kashe ni."

Ni kuwa a raina na ce shi ya rufa min asiri. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Da fitilar nan koriya ce ranar Talata, da yanzu ina kwance cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, daga can kuma ba gida za a dawo da ni ba, sai ɗakin nan mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Marlene ko a cikin taron kasuwa ta hangi irin wannan fuskar ta san sunanta, aikinta ke nan. Amma a cikin hazo ko nas makauniya ce.

Bayan mun gama na sauka ɗakin ƙasa a hankali, mataki ɗaya ɗaya, na goge wa akwatin ƙura. Ya cancanta.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da rana

Arni ya kawo buhunan dusa. Kwana biyu ina ɗaga masa hannu ta taga, yau ya ƙi tafiya sai da ya shigo.

"Stefa, kalle ni."

"Na gaji da kallonka tun muna aji ɗaya."

"Me ya samu bakinki?"

"Haƙori ne."

"Haƙoran da kike cirewa ki sa a kofi?"

Na juya zan ɗora tukunya, murfin ya suɓuce ya yi ta juyi a ƙasa, mu biyu muna kallonsa har ya kwanta.

Ya ce, "Hannun ma haƙori ne?"

Ya ce yanzun nan zai fita titi ya kira Marlene. Na ce in ya yi, ƙafarsa kada ta ƙara taka gidan nan, kuma sai na gaya wa duk masu shan kofi a kanti wanda ya ƙuje min waya. Ya ce in je in faɗa, in sa a rediyo ma. Ya kama ƙofa.

Sai na ce, "Arni, don Allah."

Tun da nake ban taɓa roƙonsa komai ba, ko ranar jana'izar Wasyl. Ya tsaya. Na ce ya bari tumaki su gama haihuwa kawai, jikin yana dawowa, jiya ma na iya ɗaure igiyar takalmi. Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce shi ba zai kira ta ba, amma in ta tambaye shi ba zai yi mata ƙarya ba, kuma daga yau safe da yamma zai riƙa zuwa ko ina so ko ba na so.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Stefa."

"Ramina ne, ni zan kwanta a ciki."

Ya shiga garke ya yi duk aikin ba tare da ya ce uffan ba. Arni, shiru. Abin ya fi faɗansa ba ni tsoro.

Talata, 15 ga Afrilu, da yamma

Ja tun safe. Madalla.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

Marlene ta samu hutun Ista, ta ce za ta hau jirgi gobe. Na ce kada ta ɓata kuɗinta, ƙanƙara ta narke ruwa ya cinye hanyarmu daga kwalbati, ko tarakta ba ta wucewa. Akwai ruwa a wurin, ban yi ƙarya duka ba. Kaza za ta tsallake shi ba ta jiƙa ciki ba.

Ta ce, "Har na sayo rinin ƙwan Ista, Mama. Na ce mu yi tare kamar da."

Daga nan ban ji komai ba. Ban san ko layin ne ya ɗauke ko ita ce ta yi shiru ba.

Wannan ƙaryar ta fi sauran yi min zafi. Amma in ta shigo ta ƙofar nan, ba za ta ajiye jaka ba za ta fara haɗa tawa.

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista, da rana

Ban je coci ba. Matan can idonsu ya fi na Marlene. Arni ne ya kai min kwandon abinci a sa masa albarka, shi da ba ɗan cocinmu ba, ya dawo yana mitar limamin cocin ya jiƙa shi da ruwa har cikin kunne. Burodin bai tashi ba, da hannu ɗaya ba a murza ƙullu. Muka ci abinmu haka.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na caka ƙarfe don sabo, sai ya shige har kusan rabinsa. Na zare na mayar da shi bayan ƙofa ban gaya wa kowa ba.

Ashe ba sai na faɗa ba. Mota ta shigo da mutum biyu, suka yi ta zagaya tsakar gida da na'ura mai ƙara, suna kafa 'yan tutoci ja da rawaya a inda wayar wuta da bututun gas suka bi ta ƙarƙashi. Doka ce, in babu tutocin ba a saka ƙarfe a ƙasa. Suka ce jibi Darcy zai zo da injin.

Wata guda ina zagin ƙasar nan don ta ƙi saki. Yau da nake son ta riƙe, ta saki.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Tutoci? Ni ban ga wasu tutoci ba. Tumaki ne, ba abin da ba sa ci.

Litinin, 28 ga Afrilu, da yamma

Ranar Juma'a Darcy ya zo da injinsa a kan tirela, ya duba tsakar gida fayau, ya juya. Na yi barci mai daɗi. Yau sai ga shi tare da masu tutocin, suka sake kafawa. Da suka gama ya ƙwanƙwasa, ya cire takalmi, ya ajiye wani ɗauri a kan tebur.

"Misis Bodnar, tumakinki akwai tsari. Sun ɗaure su da roba sun ajiye bayan itacen wuta."

Arni na zaune yana shan kofi, ya sunkuyar da kai yana kallon cikin kofin.

Darcy ya ce, "Ke ce kika hana 'yan ofis sakat a zo a binne. Na sa ki farkon layi, na tsallake gidaje da yawa. Me ya faru?"

Na ce na canja ra'ayi, na fi son ta a sama inda nake ganinta.

"Wannan ke da kamfani ne. Amma tutocin nan ba naki ba ne, nawa ne. Akwai wayar wuta a ƙasan nan. In kaifin injin ya taɓa ta, ni ne a kan injin, kuma ina da yara a gida."

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Ban yi tunanin wannan ba sam, kaina kawai na yi. Na ce ya yi haƙuri, kalmar ta fito a karkace, sai da na sake faɗa. Ya kalli fuskata fiye da yadda ya kamata, sannan ya kalli Arni. Juma'a zai dawo.

Da ya tafi Arni ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce wa ya ce masa zan yi wankan? Su binne, su gama. Ba inda za ni.

Laraba, 30 ga Afrilu, da safe

Tunkiya ta ƙarshe ta haihu, ɗaya, lafiyayye. Arni ne ya karɓa, ni na riƙe fitila. Bai tuna min da maganarmu ba, ya dai kalle ni.

Juma'a, 2 ga Mayu, da rana

An binne. Injin ya tsaga ƙasa ya cusa sabuwar waya ya rufe, sai ɗan tabo siriri daga titi zuwa bango. Tsohuwar Darcy ya naɗe ya jefa a mota. Ya hauro da rauta kicin ya ɗora ta a kan kanta kusa da tebur, ya nuna min wasu lambobi a wayarsa yana washe baki kamar shi ya haife su.

"Yanzu ko gashin girar 'yarki sai ki ƙirga."

Ya ce in gwada ƙararrawar. Ban gama ɗaga yatsa ba murya ta cika kicin, "Misis Bodnar, lafiya kike?" Na ce lafiya lau, gwaji ne.

Na yi nasara ke nan. Layi ya tsaya, kuma abin da muka yi alkawari a kai ke nan. Na zauna ina kallon koriyar fitilar, ko ƙyaftawa ba ta yi. Soket ɗinta yana nan daidai gwiwar hannuna, ba sai na sauka ƙasa ba. Marlene ta saba da ja. In ta ga ja yau ma, kamfani za ta zaga.

Ranar dai, da yamma

Na gyara kujera, na mayar da fitila dama, na ajiye hannu kusa da soket. Na ce zan amsa, in gaisa, in cire.

Hoton ya buɗe tas. Sai na ga Marlene.

Furfura ce a gefen kanta, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙasan idonta ya yi baƙi, kumatun sun faɗa, wuyan rigar aikinta ya yi mata yawa. A bayanta kwanuka ne jibge ba a wanke ba, ita da ko cokali ba ta bari ya kwana. Tun Janairu nake magana da hazo, ban san haka yarinyata ta koma ba. Na manta da zaman gefe. Na juyo gaba ɗaya na matso da fuskata don in gan ta da kyau.

Na ce, "Ke, me kike ci a garin nan?"

Fuskarta ta tsaya cak. Na ce a raina to, layin ya sake halinsa. Sai na ga hawaye yana tafiya.

"Mama. Yi min murmushi."

"Ban ga abin dariya ba."

"Ɗaga hannayenki biyu."

"Ni ba majinyaciyarki ba ce."

"Tun yaushe?"

Na kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Tun kafin Ista? Shi ya sa ruwa ya cinye hanya?"

Soket ɗin na nan. Na kalle shi, ta ga na kalle shi, don yanzu komai ana gani. Na janye hannuna. Na ɗaga su biyun. Ɗaya ya tashi, ɗayan ya zo rabi ya fara saukowa da kansa, muna kallonsa ni da ita.

"Me ya sa ba ki danna ba, Mama? Don me na saya miki?"

"Na danna."

Ta toshe baki da hannu. Da ma zagina ta yi, da na san abin da zan ce.

Na ce, "Layi ya tsaya, Marlene. A kansa muka yi magana."

"Mama, ni wata huɗu ba na barci, kin ɗauka don waya ne?"

Ta ce za ta kira motar asibiti yanzu. Na ce in motar nan ta shigo da jiniya ta firgita min tumaki masu shayarwa, ba zan hau ba, Arni zai kai ni. Ta goge ido ta ce to Arni, amma yanzu, ba gobe ba. Ita za ta hau jirgin farko ta same ni can. Maganar ɗakin kuma ta ce sai likita ya gan ni. Na ce sai dai ni na ga likita.

Ba ta kashe kiran ba. Ta ce ba za ta kashe ba sai ta ga na fita ta ƙofa.

Kafin Arni ya iso

Tana nan a kan tebur tana kallona ina rubutu. Na gaya mata ta tashi ta wanke kwanukan nan ta dafa wani abu ta ci, ta ƙi.

Ga ƙarar motarsa a bakin kyaure. Ta ce in ɗauko babban akwatin da ke ƙarƙashin gado, in sa kaya da yawa, ba a san kwanakin da za a yi ba.

Ƙaramar jaka na ɗauka.